Bargon Maman Kagoro

Kafin in shiga abin da ya kawo ni wannan fili, bari in fara da tona wa kaina asiri, domin Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ni malamar makaranta ce, ina koyar da Hausa a wata sakandare da ke nan kudancin kogin Kaduna. A cikin watan Nuwamba na shekarar 2024, da hunturu ya fara busawa, na ba ɗalibaina aikin gida, na ce kowa ya rubuto mini insha'i mai taken "Hunturu A Gidanmu". Takardu 46 aka tara mini. Da na zauna da jan biro ina dubawa, sai na tarar kamar bakinsu ɗaya: hunturu lokaci ne na sanyi, ana samun ƙura da hazo, mutane suna sa rigar sanyi, daga ƙarshe ina kira ga gwamnati da ta taimaka. Babu wanda ya faɗa mini wa yake fara tashi ya hura wuta a gidansu, ko su nawa suke rububin bargo ɗaya, ko wace ce take bin su da man kaɗanya tana shafe musu kaushi da faso. Washegari na shiga aji na yi ta faɗa, na ce ni gidanku na ce ku nuna mini, ba littafin labarin ƙasa ba.

A daren wannan rana na janyo tsohuwar adakar mahaifiyata daga ƙarƙashin gado domin in ciro wa yara kayan sanyi. Can ƙasa hannuna ya taɓa wani ƙunshi wanda na shekara biyar ina kauce masa. Nan take jikina ya yi sanyi, wanda ba na hunturu ba. Na daɗe ina zuwa taron ƙungiyarmu ina karanta gajerun labarai a kan 'yan matan da ke zaune a manyan gidajen Abuja, masu shiga motocin da ni ban taɓa shiga ba, alhali ga labarina nan naɗe a cikin adaka ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ashe abin da na yi wa yara faɗa a kai da safe, ni ce uwarsu a wajen aikata shi. To yau ga shi zan warware, mai karatu ya yi haƙuri da ni.

A Kakuri aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da rijiya ɗaya a tsakiya. Wanda ya san Kakuri ta yau kaɗai ba zai gane abin da nake nufi ba idan na ce unguwar ba ta barci. Tun a shekarar 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead aka buɗe masaƙar KTL, wadda ta fara da saƙa akoko. A cikin shekarun 1960 aka sami ƙarin wasu, irin su Nortex da Arewa Textiles ta Japanawa da UNTL ta mutanen Hong Kong. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ita ce ke shigowa, ta fita tana akoko da alawayyo da atamfa. Mahaifinmu, wanda ɗan manoman auduga ne daga ƙasar Malumfashi, yana aiki a ɗaya daga cikin waɗannan masaƙu. Mu ba mu san agogo ba, jiniya muka sani. Da ta yi kuka sai ka ga titi ya cika da kekuna, masu tashi daga aikin dare suna fitowa da farar auduga a gashin kansu kamar furfura, masu kama na safe suna shiga.

Gidan namu kuwa ƙaramar Nijeriya ne. Akwai Tibi, akwai Igala, akwai Nufawa, akwai mutanen kudancin Kaduna, ga mu Katsinawa, kuma Hausa ce ke haɗa kowa a bakin rijiya. Ɗakin da ke manne da namu na wani abokin aikin Baba ne da matarsa, mutanen Kagoro. Duk gidan Maman Kagoro ake ce da ita, har sunan ya bi ta. Tana da ɗa namiji babba, da 'ya mace wadda take sa'ata, watanni biyu ne tsakaninmu. Da yake ni ce 'yar fari, Inna ba ta kama sunana, ba ta wasa da ni a gaban mutane, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Maman Kagoro ita ce mai kiran sunana da ƙarfi tun daga bakin zaure, ita ce mai yi mini kitso, ita ce kuma nake ruga wa idan na yi laifi. Da farko abin ya ba ta mamaki, har ta taɓa tambayar Inna ko ba ita ta haife ni ba. Da aka yi mata bayanin kunyar ɗan fari, sai ta ce, "To shi ke nan, tunda ke kunya ta hana ki, ni na ɗauka."

Wani abokin aikina mai koyar da labarin ƙasa ya taɓa gaya mini cewa yawancin ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu daga wani kwari take tasowa a arewacin ƙasar Chadi, wanda ake kira Bodele, inda wani tsohon tafki ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta sauke mana. Mu dai a lokacin abin da muka sani shi ne leɓe zai tsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randa ya koma kamar ƙanƙara, wanka ya zama shari'a tsakaninmu da iyaye. Da asuba Inna za ta hura wuta ta ɗora tukunyar ruwa, yaran gidan duka mu kewaye murhun muna miƙa hannu, kowa da kofin kokonsa yana jiran ƙosai. Da dare kuma a zuba garwashi a kasko a ajiye a tsakar gida, a gasa dankali da rogo, a yi ta tatsuniya har barci ya kwashe ƙanana.

Bargon kanti yana da tsada, gwado da luru irin na saƙar hannu kuwa tun a lokacin sun fara wuyar samu. Saboda haka matan nan biyu suka ƙirƙiro nasu. Tun daga ƙarshen damina suke fara tara ƙyallaye. Akwai guntayen atamfa da ake sayarwa a kan kilo a kusa da masaƙu, akwai abin da teloli ke zubarwa idan ɗinkin Sallah ko na Kirsimeti ya kankama, akwai kuma tsofaffin kayanmu da suka yi mana kaɗan. Maman Kagoro takan yanko kwalin sukari mai faɗin tafin hannu ta mai da shi ma'auni, mu 'yan mata mu ɗora a kan ƙyalle mu zana da gawayi mu yanke da almakashi. Ita ce mai idon haɗa launi, ita ce kuma mai keken ɗinki na hannu, sai ta jera ƙyallayen layi-layi ta haɗa su. Daga nan aiki ya koma hannun Inna. Za a wanke akoko tukuna don ya gama shan ruwa ya tsuke, a shimfiɗa shi a ƙasa, a ɗora tsofaffin zannuwa biyu ko uku a tsakiya, sannan a rufe da haɗaɗɗun ƙyallayen. Inna za ta kama da allura da zare tun daga tsakiya tana yin waje, don kada ya tattare, tana barin faɗin yatsu biyu tsakanin layi da layi. Da yake babu wurin da zai ɗauki shimfiɗar babban bargo a gidan haya, rabi-rabi suke yi, in sun gama kowane rabi sai su haɗa su kalmashe baki.

Kwanan baya 'yata ta nuna mini a waya cewa ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Bangaladash mata suna haɗa tsofaffin tufafinsu su ɗinke su zama abin rufa da suke kira kanta, a Amurka kuma akwai wani ƙauye na baƙaƙen fata a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, wanda a shekarar 2002 aka rataye bargunan matansa a gidan adana kayan fasaha mutane suna zuwa kallo. Na yi dariya, na ce da Inna ta ji an rataye bargo a bango alhali yara suna rawar ɗari, da ta ce masu abin ba su da aikin yi.

Ga mu yara, daɗin hunturu shi ne yana zuwa da bukukuwa. Ana saura kwana biyu Kirsimeti gidan zai gauraye da ƙamshin cincin. Ranar jajibiri mijin Maman Kagoro zai riƙo kaji ko ɗan akuya ya tsaya a ƙofar ɗakinmu ya ce, "Malam, a taimaka mana da wuƙa." Baba ne ke yanka musu, domin kowa a gidan ya iya ci ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Bayan Kirsimeti sai su hau mota a garejin Television su tafi gida, saboda bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, su dawo mana da tsarabar acca da citta da zuma. Idan Sallah ta zo kuma, kwanon farko na tuwo da miyar taushe ɗakinsu yake shiga, 'yarta ta sa ankonmu, mu tafi yawon Sallah tare, babu mai iya cewa ga 'yar wane ga 'yar wane.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce 1999, lokacin ina da shekara 17. A wannan shekara azumi ya faɗo cikin muku-mukun sanyi, Kirsimeti ta zo azumi ya ɗan wuce tsakiya. Yaran gidan, Musulmi da Kirista, tare suka yi tashe, har ƙanin wani Batibi ne ya fi kowa iya rawar. Ranar Kirsimeti Maman Kagoro ta dawo daga coci ta gama girkinta tun da rana, amma ta hana a zuba namu. Sai da ta ji an kira sallar magariba sannan ta ɗumama shinkafar, ta ɗauko da kanta ta shigo tana cewa, "Ga kayan shan ruwa, kada ku ce Kirsimeti ta wuce ku." Suka je Kagoro suka dawo a gurguje don kada Sallah ta wuce su, wadda aka yi a farkon Janairun 2000.

A wannan hunturu ne matan biyu suka yanke shawarar cewa tunda 'yan matansu sun tasa, za su ɗinka wa kowace babban bargo na kayan ɗaki. Aka yi ja-in-ja a kan na wa za a fara, Inna ta ce ai 'yar Maman Kagoro ce babba da wata biyu, nata za a fara. Wannan karon ba guntayen kilo aka zuba ba. Maman Kagoro ta fito da zanen mahaifiyarta da ta rasu, da ankon Zumuntar Mata na cocinsu, da tsohuwar rigar makarantar ɗanta mai shuɗin gida-gida. Inna ta kawo guntun kakin aikin Baba da sauran atamfar Sallata ta wata shekara. Zuwa tsakiyar Fabrairu an gama rabi ɗaya, gefe uku a kalmashe, gefe ɗaya a buɗe yana jiran ɗan'uwansa.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, garin Kaduna ya kama da wuta a kan batun shari'a. Ba zan tsaya ba da labarin abin da kowa ya sani ba, rayuka fiye da 1,000 suka salwanta a rikicin wannan shekara, kuma babu ɓangaren da bai binne nasa ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa. Da yamma hayaƙi ya rufe sama, Maman Kagoro ta shigo ɗakinmu ba ko sallama, ta ce da Inna, "Kwaso yara." Mu shida muka kwana a ƙuryar ɗakinta, Baba yana bayan ƙofa. Cikin dare muka ji hayaniya a zaure, muka ji muryarta tana cewa Hausawan gidan nan sun gudu tun da rana, ta kuma kama sunan ɗaya daga cikin samarin ta ce ta san uwarsa. Da asuba ita da mijinta suka raka mu ta lungu zuwa barikin soja. Ƙanina, ɗan shekara huɗu, yana fama da zazzaɓi yana ta karkarwa. Ta koma ciki da gudu ta ɗauko rabin bargon nan ta naɗe shi da shi ta miƙa wa Inna. Inna ta ce, "Ai na yarinya ne." Ta ce, "Kya dawo mini da shi mu ƙarasa."

Sai bayan kwanaki, muna gidan wani ɗan'uwan Baba a Rigasa, muka sami labarin abin da ba mu sani ba. Ɗan Maman Kagoro, wanda yake koyon aikin walda a ƙetaren kogi, ya fita tun safiyar Litinin ɗin nan bai dawo ba, kuma ba a taɓa ganin ko gawarsa ba. Wato a daren da ta tsaya a bakin ƙofa tana kare 'ya'yan wata, kunnenta yana kan titi tana sauraren takun nata ɗan. A ɓangaren da muka gudo muka sami mafaka, a nan nata ya salwanta.

Daga nan gari ya rabe. Musulmi da yawa suka tattara suka koma arewacin kogi, irin su Rigasa da Tudun Wada, Kiristoci suka gangaro kudu, irin su Sabon Tasha da Romi da Narayi, aka yi ta musayar gidaje. A watan Agusta na 2002 shugabannin addinai suka sa hannu a takardar zaman lafiya, amma a Nuwamban shekarar aka sake wani rikicin a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya ƙarasa raba sauran da suka rage. Masaƙun da suka tara mu su ma suka bi layi. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar waje da ake shigowa da ita ta fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Jiniya ta yi shiru, babu sauran ƙofar da Bakatsine da mutumin Kagoro za su jingina kekunansu wuri ɗaya.

Inna ba ta taɓa rufa da bargon nan ba, ba ta kuma bari wani ya rufa ba. Duk shekara idan sanyi ya shigo takan fito da shi ta shanya ta kakkaɓe ta mayar. In muka ce ta ba mu, sai ta ce, "Ba namu ba ne." In muka ce to a nemi mai shi, sai ta yi shiru, can ta ce, "Da wane ido zan dube ta? Nawa shida suna nan." Ta rasu a shekarar 2019. Ana saura kwana uku ta cika, ta kira ni, kuma a ranar ce kaɗai na taɓa jin ta kama sunana. Ta ce, "Amanar mutane tana cikin adaka. Ki sauke mini."

A nan ne nawa laifin yake. Inna tana da uzurin tsufa da nisa, ni ba ni da ko ɗaya. Aure ya dawo da ni Makera tun tuni, bayan na yi diflomar koyarwa kuma aka turo ni makarantar da fiye da rabin ɗalibanta Kiristoci ne. Tambaya ɗaya ta isa. Amma na shekara biyar ina cewa sai an yi hutu, sai an gama jarrabawa, sai an ga yadda zaɓe zai kaya. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji, ba na hanya ba, tsoron kada in je ta dube ni ta kau da kai, in rasa Maman Kagoron da nake da ita a zuciya.

Bayan daren da na faɗa a farko, na sami wata abokiyar aikina 'yar Zumuntar Mata na yi mata kwatance. Mako biyu ba su cika ba ta zo mini da labari: tsohuwar tana nan da rai a Romi, wajen 'yarta, mijin ya rasu, idanunta kuma sun yi rauni ƙwarai. Maigidana ya ɗan yi jim, ya ce in je da rana in dawo kafin la'asar. Ƙanina kuwa, wanda aka naɗe a bargon, yanzu magidanci ne da 'ya'ya uku, ya ce shi bai ga amfanin tono abin da ya wuce ba, amma ya ba ni kuɗin turmin atamfa ya ce in kai mata. Ranar wata Asabar a cikin Disamba na hau Keke Napep da ƙunshina a cinya. Tafiyar da na shekara biyar ina jinkirtawa ba ta kai minti talatin ba.

Na same ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana shan hantsi, an rufa mata bargon gwanjo. Na durƙusa na ce, "Mama, ina kwana?" Ta karkato kunne ta ce, "Wace ce?" Na ce, "'Yar fari ce ta ɗakin kusa da rijiya." Sai ta kira sunana da irin ƙarfin nan na da, har kajin gidan suka watse. Ta laluba fuskata da hannu biyu ta ce, "Ina ƙawata?" Na ce Inna ta riga mu gidan gaskiya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ta kyauta ke nan? Ta tafi ba sallama?"

Na kwance ƙunshin na ɗora mata a cinya. Ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta bi ɗinkin da yatsa ta ce wannan hannun ƙawata ne, babu mai jera zare haka. Ta riƙa shafa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya tana tambayar launinsu, ina faɗa, tana gaya mini mai shi. Can ta ce, "Duba mini wajen kusurwa, akwai wani mai shuɗin gida-gida?" Na kama hannunta na ɗora a kai. Ta bar hannun a wurin. 'Yarta, ƙawata ta ƙuruciya, ta juya ta shige ɗaki. Tsohuwar ta ce, "Ko hotonsa ba ni da shi, duk sun ƙone." Abin da aka faɗa game da shi ke nan a ranar, kuma har yau ba a ƙara ba.

Na isar da saƙon Inna kamar yadda ta faɗa, har da maganar da wane ido. Maman Kagoro ta girgiza kai ta ce, "Ita ta kashe shi? Wauta dai irin ta ƙawata. Da ta zo ai da mun yi kukan tare, da ya fi sauƙi." Da na tashi tafiya sai ta turo mini bargon ta ce ita ba ta karɓar rabin aiki. Cewa ta yi a dawo da shi a ƙarasa, ba ta ce a dawo da shi a ajiye ba. Wadda aka fara dominta ta yi aure shekara ashirin da suka wuce, amma tana da 'ya budurwa.

Tun daga ranar, duk Asabar ɗin da na sami sarari a lokacin sanyi ina Romi, ni da 'yata. Maman Kagoro ba ta gani, amma ita ke ba da umarni, a faɗa mata launi ta ce a sa nan ko a cire. Jikarta da 'yata su ke yanka, ma'auninsu kwalin sukari. Ni ke riƙe allura, kuma duk wanda ya duba zai gane inda hannun Inna ya tsaya da inda nawa ya fara, domin nawa layin kamar tafiyar maciji yake. Atamfar yanzu ma ba ta kai ta da kauri ba, wanki biyu ta koɗe. Na yanko zanen Inna na ƙarshe na sa a sabon rabin, ƙanina kuma da ya ji inda aka kwana ya aiko da tsohuwar rigarsa ba tare da ya ce komai ba. Ranar Kirsimeti aka aiko mana da shinkafa har Makera, jikan da ya kawo ya ce Kaka ta ce a gaya mini wani Bahaushe mai nama ne ya yanka kajin.

Ba zan ce wa mai karatu komai ya koma daidai ba. Har yanzu ina duba agogo idan la'asar ta gabato, har yanzu 'yata da jikarta ba su saki jiki da juna kamar yadda muka yi ba, suna dai gaisawa suna kallon waya tare. Hunturun 2024 ya wuce ba mu gama ba, ga shi wani ya kama, saura layi uku da haɗawa da kalmasa. Masu lissafin wata sun ce da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, azumi yana kan hanyarsa ta komowa cikin sanyi, har a shekarar 2030 zai zo sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Da na gaya wa Maman Kagoro sai ta ce in Allah Ya kai ta, ita ce da kayan shan ruwa.

Ɗalibaina kuwa na sake ba su aikin, amma na canza salo. Na ce kowa ya zo da ƙyalle ɗaya daga gidansu, ya rubuta wa ya sa shi, yaushe, kuma ina mai shi yake yanzu. Wata yarinya ta kawo hannun rigar aikin kakanta na masaƙa, ta cika shafi huɗu, ban sami inda zan sa jan biro ba. 'Yan'uwa masu tasowa a harkar rubutu, shawarar da na ba yaran nan ita nake ba kaina, ita kuma nake ba ku, tunda kayan aro ba ya rufe katara: kafin mu tafi Abuja neman labari, mu fara buɗe adakar da ke ƙarƙashin gado.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya ba Maman Kagoro lafiya da haƙuri, Ya zaunar da garinmu lafiya daga wannan gaɓa ta kogi har zuwa waccan.